Amsa: sabar Python da ke maƙalewa idan an turo fom

Malam, ka ce sabar da ka rubuta da http.server tana tsayawa cik duk lokacin da aka turo fom ta POST. Matsalar tana wurin rfile.read() da ka kira babu adadi. Idan babu adadi, read() ba ya tsayawa sai an yanke haɗin. Burauza kuwa ba ta yanke haɗin, shi ya sa sabar take ta jira. Ka fara ɗauko Content-Length, wato header ɗin da ke faɗin adadin bytes ɗin da aka turo, ka mai da shi lamba da int(), ka karanta daidai wannan adadin. Sai ka yi decode don bytes ɗin su koma rubutu, ka miƙa wa parse_qs na urllib.parse, mai rarrabe bayanan fom. Shi zai mai da + ya zama sarari, %C6%99 kuma ya koma ƙ, muddin shafinka yana kan UTF-8.

Amma fa wannan ga fom na rubutu ne kawai. Idan akwai hoto ko fayil, multipart/form-data ne zai zo, parse_qs ba zai iya ba, kuma module ɗin cgi, da a da ake karanta irin wannan fom da shi, an cire shi tun Python 3.13. Abin da ya taɓa cinye mini wuni guda: gurbin da aka bari fanko yakan ɓace gaba ɗaya, sai ka sa keep_blank_values=True a cikin parse_qs. Don Allah kada ka manta da shi.