Amsa: Sayen gida kusa da filin golf a The Woodlands

Malam, ka tambaya ko sharuɗɗan da ke cikin takardar gidan abin damuwa ne. Ƙwarai kuwa. A garin The Woodlands, arewa da birnin Houston na Amurka, ko babbar bishiyar da ke cikin farfajiyarka ba za ka sare ba sai da izinin kwamitin da ke kula da tsarin gidajen unguwar, haka canza launin fenti ko yin shinge. Sharuɗɗan suna bin filin gidan ne, duk wanda ya saya sun hau kansa. Ka nemi a ba ka su ka karanta kafin ka sa hannu.

Zama memba a kulob ɗin golf kuma yawanci kuɗinsa daban. Ni dai ba zan sayi gidan da ke daidai inda ƙwallo ke faɗowa ba, gilashin taga akwai tsada.