Ɗan Gombe a Abadin: guguwar teku, aiki da takardu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gombe ne daga Jekadafari. Wata biyar ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Abadin, ƙasar Sikotland, da bizar da gidan aikin ya tsaya mini. Ɗakina a ƙasan bene yake, dab da bakin teku, kuma an ce lokacin guguwa ya ƙarato. In na kasa zuwa aiki, bizata za ta taɓu? Me zan tanada? Ga Hajiya kuma, da ta ga bidiyon ambaliya sai hankalinta ya tashi.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka auna ta da iskar gida. A Gombe hadari kan haɗo daga gabas a farkon damina, ya yaye kwanon wasu gidaje, kafin isha'i gari ya yi tsit. Ta can wuni take ta kwana tana kaɗawa, galibi tsakanin Oktoba da Maris, ruwan kuma a gicciye yake zuwa, lema ba ta tsinana komai, sai rigar ruwa mai hula. A ƙarshen Nuwamban 2021 guguwar da aka sa wa suna Arwen ta bar wasu ƙauyukan yankinku sama da mako babu wuta. A Oktoban 2023 Babet ta sa kogi ya shiga gidaje a Brechin, kudu da ku.

Hukumar yanayi ta Birtaniya tana ba da gargaɗi da launi uku: ruwan ɗorawa, ruwan goro, sai ja. Sauke manhajarta a wayarka. Ja na nufin rai na cikin haɗari, kuma jiragen ƙasa da bas sukan tsaya.

Kwana ɗaya ko biyu na guguwa ba sa taɓa biza. Abin da doka ta wajabta wa gidan aikin da ya tsaya maka ya kai wa hukuma rahoto a kai shi ne fashin da ya haura kwanakin aiki 10 a jere ba da izini ba. Inda mutanenmu ke yin ɓarna shi ne shiru, ko kiran waya kawai wanda gobe za a ce ba a tuna ba. Da ka ga ruwan goro, rubuta wa manaja saƙo tun kwana guda kafin ranar, ka faɗi hanyar da ka saba bi, ka ɗauki hoton sanarwar soke bas ka haɗa. Gidan tsofaffi ba ya rufewa, don haka nemi a sauya maka rana, ko a ba ka wurin kwana a can. Ka kuma sani in wurin aiki a buɗe yake kai ka kasa zuwa, ba dole ne a biya ka ranar ba, sai abin da kwantiraginka ya ce. Kana iya roƙon a cire ta daga hutunka na shekara.

Bizarka yanzu a intanet take, ruwa ba ya cin ta, amma mutuwar waya na iya hana ka shiga. Rubuta imel ɗin da lambar wayar da ka buɗe shafin da su a takarda. Fasfo, kwantiragi, takardar haya da shaidar karatunka, sa su cikin leda mai zif, a saman kabad, ba cikin akwati ƙarƙashin gado ba. Inshorar mai gida ginin ta rufe, kayanka ba sa ciki, sai ka yi taka. Tunda a ƙasa kake, yi rajista da layin gargaɗin ambaliya, 0345 988 1188.

Tanadi: tocila, fawa-bank a cike, ruwan sha na kwana uku, dabino, garin kwaki, burodi, kifin gwangwani, bargo biyu, da 'yan fam a hannu domin na'urar kati ma wuta take ci. In mitarka ta kati ce, loda ta tun da wuri. Wuta na ɗaukewa kira 105, kyauta ne. Injin ɗumama gida ko da gas yake aiki ba ya tashi sai da lantarki. Firij in ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya awa 48, don haka bar miyar nan a rufe. Rubuta lokacin da wutar ta tafi, akwai diyya in ta wuce awa 24 ko 48, gwargwadon girman guguwar.

Kaskon gawayi kuwa, na roƙe ka don Allah. A gida muna jin ɗumi da shi a hunturu saboda iska na shiga ta ko'ina. Ɗakin can a toshe yake ruf, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da barci take sawa, daga nan sai dai a ji labari. Haka janareta. Kuma kada ka je bakin teku ɗaukar bidiyon igiyar ruwa don sitatus. In ka ga wani ya faɗa, kira 999 ka nemi masu gadin gaɓar teku, kada ka bi shi.

Hajiya kuwa, riga bidiyon isa gare ta. Kira ta kafin iskar ta sauka, ka ce mata waya na iya ɗaukewa kwana ɗaya ko biyu, ka bar wa ƙaninka lambar wani ɗan'uwa da ke wani gari can. Kuɗin cefanen wata a tura da wuri. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Gombe na gaban naka da awa ɗaya, sai ka lura kada kiran naka ya faɗa mata lokacin magariba.