Lambar maguɗi na sandarar min da gem

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina buga Pokémon FireRed a emuletar mGBA. Da na kunna lambobin maguɗi sai gem ɗin ya sandare, wani lokacin allon ya yi fari fat. Emuletar ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya laifin emuleta ne, wato manhajar da ke kwaikwayon na'urar Game Boy Advance. Lambar maguɗi umarni ce kawai: a je adireshi kaza a RAM, wato ma'adanar wucin gadi da gem ke aiki da ita, a rubuta adadi kaza, a yi ta maimaitawa kusan sau 60 a daƙiƙa. In adireshin ya kauce, rubutun zai faɗa kan abin da gem ke dogaro da shi, sai ya tsaya cak.

Fara duba wace FireRed ce a hannunka. Ta Amurka kaɗai tana da bugu biyu, 1.0 da 1.1, ga na Turai da na Japan, kuma lambar da aka yi wa ɗaya ba lallai ta hau ɗayar ba. Yawancin waɗanda ke yawo a intanet na 1.0 ne.

Sai nau'in lambar. CodeBreaker harufa takwas ne da huɗu, GameShark da Action Replay kuwa takwas da takwas, a rubutun sirri da sai emuleta ta warware. In ka zaɓi GameShark alhali lambar ta Action Replay v3 ce, emuleta za ta warware ta zuwa adireshin banza. Kada ka bar mata ta zaɓi nau'in lambar da kanta, zaɓa da kanka.

FireRed tana da wata ɗabi'a kuma: tana sauya wa bayanan ɗan wasa mazauni a RAM, misali in ka shiga gida ko aka fara faɗa. Shi ya sa lambobin kaya da kuɗi ke buƙatar babbar lamba da ta hana wannan sauyi, wadda ake kira Anti-DMA.

Yanzu kashe dukkan lambobin, ka sake kunna gem daga ajiyarsa ta ciki. Kada ka ɗauko ajiyar gaggawa ta emuleta, domin tana kwafe RAM ne har da ɓarnar. Kwafi fayil ɗin .sav, wanda ke ɗauke da ajiyar gem ta ciki, ka ajiye gefe, sannan ka riƙa kunna lamba ɗaya ɗaya. Wadda ta ba ka abin da kake so, kashe ta nan take. Idan ka ga ƙwai mai suna Bad Egg a akwatin da kake ajiye Pokémon ɗinka, bayanan wani Pokémon sun riga sun gurɓace, kada ka yi ajiya a kai, koma wa kwafin da ka ajiye.