Amsa ga Alhaji kan buga golf a fili mai itatuwa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Alhaji, ranka ya daɗe, na saurari tambayarka. Ka ce hannunka ya saba da buɗaɗɗen filin yashi, ga shi abokan kasuwancinka sun gayyace ka filin golf na IBB da ke Abuja, kana neman sanin yadda ake tafiyar da wasa a wurin da itatuwa suka tsare hanya.

Shawarata ita ce ka rage kwaɗayin nisa, ka mai da hankali ga inda ƙwallo za ta sauka. A filin yashi, ko ƙwallo ta karkace kana ganin tutar da ke nuna rami, amma a fili mai itatuwa karkatar mita goma ta isa ta ajiye ka bayan kututture, bugu ɗaya ya salwanta. Doka ta ba ka damar ɗaukar sanduna 14, saboda haka babu dalilin zaro babbar sanda a kowane rami. Idan ramin bugu huɗu ne, wato wanda aka ƙiyasta a kammala shi da bugu huɗu, mai tsawon mita 320, ka aika ƙwallo mita 180 da sandar da ka fi amincewa da ita, ragowar mita 140 kuma ka buga su daga ciyawa mai laushi, kana kallon tuta ido da ido. Lamarin kamar shigar da mota mai lodi ne cikin lungun babbar kasuwar Maradi, saiti ake bukata, ba gudu ba.

Ka lura da inda kake kafa ƙwallo a bugun farko. In ka san ƙwallonka tana yawan lanƙwasawa dama, ka tsaya ta gefen dama ka auna hagu, domin faɗin hanyar duka ya zama naka. Inda hanya ta yi kwana kuwa, ka nemi gefen waje na kwanar, ko da tafiyar za ta ƙaru, domin wanda ya matse ta ciki rassa ne za su tare shi. Kuma ka riƙa duba saman itatuwa kafin ka zaɓi sanda, don iskar da ba ka ji a jikinka tana can tana kaɗawa a sama.

Abin da ya fi damuna shi ne halin mutum in ya faɗa cikin itatuwa. Matasa sun kalli yadda ɗan wasan golf na Amurka Bubba Watson ya lanƙwaso ƙwallo daga cikin itatuwa a rami na 10 a filin golf na Augusta da ke Amurka, ya lashe gasar Masters ta 2012, kowa yana so ya gwada. Alhaji, don Allah kada ka gwada. Ka nemi kafa mafi faɗi, ko da ta gefe ce, ka ɗauki sandar ƙarfe mai lamba biyar ko shida, ka matso da ƙwallo kusa da ƙafarka ta baya, hannuwa su riga kan sanda gaba, ka yi gajeren bugu ta fita ƙasa-ƙasa ta ƙarƙashin rassa. Ka duba ƙasar da kyau tukuna, domin saiwar da ta ɓuya a ƙarƙashin ganye tana iya targaɗa wuyan hannu. In ƙwallo ta maƙale a gindin itace, ka karɓi tarar bugu ɗaya, ka auna tsawon sanda biyu ba tare da ka matsa kusa da rami ba, ka sake ta daga tsayin gwiwa. A Augusta ɗin nan akwai itacen da ya addabi shugaban Amurka Eisenhower a rami na 17, har ya nemi a sare shi a 1956, aka ƙi, itacen ya ci gaba da tsayuwa har 2014.

Tun daga 2019 minti uku kacal ake ba mutum ya nemi ƙwallon da ta ɓace. Da zarar ka ga ta nufi duhuwa, ka faɗa wa abokan wasa cewa za ka buga wata ƙwallo ta wucin gadi, wadda za ka ci gaba da ita in ba a ga ta farko ba, sannan ka buga kafin ka bar wurin. Mai ɗaukar maka jaka kuma ka tambaye shi nisan kowace kwana, domin kullum a filin yake yini. Allah ya kai ka lafiya, a gaida mutanen gida.