Tambaya da Amsa: Cocin da ke jikin kalandarmu ɗaya ne ko biyu?

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Ni katikis ne, mai koyar da addini a cocin Katolika, a wani ƙauye kusa da Malumfashi. Fada ya kawo mana kalanda mai hoton cocin Ars, inda Waliyyi Yohanna Biyane ya yi hidima. Daga gaba ginin ɗan ƙarami ne mai hasumiyar jan bulo, daga baya kuma ga manyan ƙubbobi. Coci ɗaya ne ko biyu? Ina tambaya ne domin namu cocin na ƙasa ya yi mana kaɗan, kwamiti kuma na so a rushe shi a yi sabo.

AMSA: Baba katikis, ina amsawa, Allah ya ƙara ƙarfin hidima. Idonka bai ruɗe ka ba. Gini biyu ne aka haɗa baki da baki, tsakaninsu kuwa akwai shekara wajen ɗari bakwai.

Ars ƙauye ne a Faransa, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Liyon. Ƙaramin ginin da ka gani daga gaba shi ne asalin cocin ƙauyen, tun ƙarni na 12, mai sunan Waliyyi Sistus. Lokacin da aka turo Fada Jean-Marie Vianney, wanda muke kira Yohanna Biyane, a watan Fabrairun 1818, mutanen Ars ba su wuce 230 ba. Wurin ma bai kai matsayin farish ba, reshe ne a ƙarƙashin wani ƙauye na kusa, sai a 1821 aka ba shi cin gashin kansa. Cocin da ya tarar zaure ɗaya ne dogo, matsattse, ya sha wuya a zamanin juyin juya halin Faransa da ya fara a 1789.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne yadda Fadan ya yi da ginin. Bai ce a share wuri a sake sabo ba. A 1820 ya tayar da hasumiyar ƙararrawa ta jan bulo, wadda ke jikin kalandarku. Daga nan ya riƙa huda bangon gefe yana fitar da ƙananan ɗakunan addu'a, ɗaya bayan ɗaya, gwargwadon abin da ya shigo hannu: na Budurwa Maryamu, na Yohanna Mai Baftisma, na Waliyyiya Filomena, na Mala'iku, da wanda ake tuna Yesu sanye da rawanin ƙaya. Ka san yadda magidanci ke yi idan iyali sun ƙaru, bana ya ja ɗaki a gabas, baɗi ya ja wani a yamma. Haka cocin Ars ya girma.

Kowane ɗaki kuma da aikinsa. Mata suna furta zunubi a ɗakin Yohanna Mai Baftisma, maza a ɗakin ajiyar kayan Misa. A shekarunsa na ƙarshe yakan zauna sauraron masu tuba har awa goma sha shida a yini lokacin bazara, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe kuma ya hau ɗan mumbari ya koyar da katikisim. Jama'a dubbai suka riƙa zuwa kowace shekara, layi ya fito har waje, wasu su kwana suna jira.

Ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1859. A 1862 aka fara babban ginin mai ƙubbobi, bisa zanen Pierre Bossan, maginin da daga baya ya zana babban cocin Fourvière a kan tudun Liyon. Ɓangaren bagaden tsohon cocin aka buɗe aka jona sabon a wurin, sauran aka bar shi a tsaye. Shi ya sa har gobe mai shiga sai ya bi ta tsohuwar ƙofa, ya ratsa matsattsen zauren, ya wuce akwatin furta zunubin da mumbarin, kafin sarari ya buɗe masa a ƙarƙashin ƙubba. A sabon ɓangaren ne gawar Waliyyin take cikin akwatin gilashi. Fafaroma Pius na 11 ya sa shi cikin waliyyai a 1925, a 1929 kuma ya naɗa shi majiɓincin Fadannin farish. Da baƙi suka sake yin yawa, sai aka gina wani coci a ƙarƙashin ƙasa, nan kusa, ba a taɓa tsohon ba.

To, mu dawo gida, Baba. Ni ra'ayina kada ku rushe, kuma ba daga littafi na samo wannan ba. Tsohon cocin ƙauyenmu na ƙasa ne, rufin azara, iyayenmu mata suka yi daɓensa da makuba. A bakin ƙofa akwai wani dutse da ya yi sumul saboda kankare taɓon ƙafa da damina. A nan aka yi mini baftisma. Shekarar da kuɗi suka samu aka kawo mota ta ture shi cikin wuni guda. Sabon ya fi girma, ba na musu, amma ran da na kai 'yata in nuna mata inda kakarta ke durƙusawa, sai na tsaya a tsakiyar siminti ina waige-waige, na kasa gane wurin.

Ku fara kiran magini ya duba tushe da azara, domin idan gara ta cinye itace ko bango ya tsage har ƙasa, ran mutane ne a gaba. In da sauran ƙarfinsa, ku buɗe bangon bayan bagade ku ja sabon gini na bulo daga nan, tsohon ya zama mashiga da wurin Misar safiya da ajin katikisim. Ku yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, ku gyara indararo, ku ja rufin kwano ya zarce bango domin feshin ruwa. Ku kuma zauna da dattawan da suka ɗauki tubali a ka lokacin gininsa, wani yaro ya rubuta shekarar da sunayen waɗanda suka yi aikin. Duk shawarar da kwamiti ya yanke, a kai wa Fada, shi kuma ya kai wa Bishop kafin a ɗaga diga.