Teku guda, kifi uku: ina kifin tuna ya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a Dadin Kowa. Na ga wani bidiyo a Facebook, wasu sun taso daga San Diyego a Amurka, sun kwana a hanya har tsibirin Gwadalupe don kamun tuna, wani babban kifin teku, da fatsa. Mutum kusan ashirin, daga asuba har magariba, kifi uku kacal! Ko dai ba su iya su ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sun iya. Kai dai ka auna teku da dam ɗinku ne.

Tarwaɗar Gongola tana da gida. Ka san raminta, gobe ma nan za ka same ta. Tuna ba shi da gida. Ko tsayawa ba ya yi, domin sai yana tafe baki buɗe ruwa ke ratsa shi ya samu numfashi. Makiyayi ne: inda abinci ya yi, can garkensa ya nufa. Tsakiyar teku kuwa yawancinta fako ne. Wannan shuɗin ruwa garai-garai da ya burge ka a bidiyo, alama ce ta ƙarancin abinci.

Shi ya sa ake wahalar zuwa tsibiri. Gwadalupe na da nisan kimanin kilomita 240 daga gaɓar Meziko, dutse ne da ya taso daga ƙasan teku. In ruwa mai gudu ya bugi irin wannan dutse, sai ruwan ƙasa mai sanyi da taki ya taso sama. Ƙwayoyin halitta su yawaita, ƙananan kifaye su taru a kansu, tuna ya biyo. Kamar mashaya ce da rani. To amma ranar da gudun ruwan ya mutu ko ya sauya hanya, kasuwa ta watse, kai kuma ka riga ka ƙona mai ka iso.

Abin da ya fi cin rai shi ne kifin yana nan, ya ƙi ci. Direban jirgi na kallonsa a na'urar da ke leƙa ƙarƙashin ruwa da amon sauti, ga garke can ƙasa, an watsa masa sadin masu rai, ko kallo. Wani lokaci ya ƙoshi ne tun da dare. Wani lokaci ya nutse neman abinci a zurfi, akwai ma nau'in da kan sauka ɗaruruwan mitoci da rana, sai dare ya hauro. Ga shi da ido kamar shaho. A ruwa mai haske yana ganin zare mai kauri ya kauce. In ka sa siriri ya ci, babba ne zai tsinke maka shi. Nan gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo, a ganina.

Wanda ya kamu ma ba naka ba ne sai ya hau jirgi. Gwadalupe ya yi suna da manyan kifayen shak masu cin nama. Lokacin da ake barin kamun fatsa a can, sukan yanke wa mutum kamu ya jawo kai kawai.

Kifi ukun nan kuma, ka koma ka duba girmansu. Tuna mai rawayen ƙaya yana iya haura kilo 100, kuma jawo irinsa da fatsa kan ci awa guda ko fiye. Karfasa nawa za ka zuba a sikeli kafin ka kai haka?