Amsa: hayar mota ta yini ɗaya idan jirgin ruwa ya yada zango

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ɗauki hayar mota ranar da jirgin yawon shaƙatawa ya tsaya a tashar ruwa. Ya dace, muddin tsayawar ta kai awa takwas. In ba ta kai ba, cike takardu da mayar da mota za su cinye maka rabin yinin.

Babban abin da nake so ka riƙe shi ne lokaci. Jirgi yakan jira waɗanda suka fita yawon da kamfaninsa ya shirya, amma wanda ya fita da kansa in ya makara, tafiya za a yi a bar shi, kuma kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba daga aljihunsa zai fito. Yawanci ana son kowa ya shigo minti 30 kafin tashi. Wani lokaci agogon jirgi yana saɓa wa na gari, to da na jirgin za ka yi aiki. Don Allah ka mayar da motar awa biyu kafin lokacin shiga jirgi, fasfonka kuma yana jikinka.

Ka kama motar ta intanet tun kafin tafiya, don babban jirgi na iya sauke fasinja 3,000 a safiya ɗaya, motocin haya su ƙare. Ka tabbatar ofishin kamfanin hayar na kusa da tashar, ba can filin jirgin sama ba.

Ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. A Malta da Barbados hannun hagu ake bi, a Turai kuma motocin haya masu araha galibi masu giyar hannu ne. Kafin ka tayar da motar, ka ɗauki hoton duk wani ƙarzane da ke jikinta.